Injin Katako Mai Sabon Fenti

"Kada ki taɓa, bai gama bushewa ba," in ji Mai Fenti, ya riƙe wuyan hannun matarsa kafin yatsanta ya kai jikin wilin.

Tela ta janye hannunta. Ta san fentin nan ya bushe tuntuni, warinsa ma ya fita. Mijin nata dai haka yake da aikinsa, so yake a tsaya daga nesa a yaba. Ta ja da baya ta yaba, domin kuwa abin a yaba ne. Injin tsaga katakon na tsaye a filin bayan shagon ƙaninta Auta, kore shar, sai ɗaukar ido yake. Dogayen ƙarafa biyu ne kwance a kan tayoyi, inda ake shimfiɗa gungume, sai kan injin da ake turawa da hannu yana tafiya a bisansu. A jikin kan akwai manyan wili biyu na ƙarfen zubi, kowanne ya kai faɗin babban tire, zarto mai kama da bel ya zagaye su.

Ranar da aka jawo shi ba haka yake ba. Ciyawa ta fito ta tsakanin ƙarafan, zanzaro ya yi gida a kafireta, tsatsa da busasshiyar laka sun rufe komai har ba a gane kalarsa ta asali. Mai Fenti ne ya gano shi a bayan gidan wasu mutane can ƙarshen gari, shi ya yi ta zuga Auta har ya sayar da babur ɗinsa ya saya, shi ne kuma ya kwance wilin biyu a ranar ya tafi da su garejinsa. Makanike ya yi fama da inji, Auta ya wanke, ya canza boris, ya shafa giris. Ranar da wilin suka dawo sai da mutanen layin suka fito kallo.

"Yaya, tsakaninki da Allah," in ji Auta daga ƙarƙashin injin, "kin taɓa zaton mijinki ya iya wani abu ban da yi wa tsofaffin motoci kwalliya?"

"Fito ka faɗa a gabana," in ji Mai Fenti.

Auta ya fito yana dariya, dusar katako a gemunsa. Kafinta ne mai shagon kansa, 'ya'yansa uku, ga matarsa da tsohon ciki, furfura ma ta fara leƙo masa. Amma a wurin Tela har gobe shi ne yaron da ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ya kama hannun turawa ya gwada tsayuwa, ya ɗan karkace kai kamar yana bin layin yanka da ido. Sai a lokacin ta lura da inda mai aikin ke tsayawa. Kafaɗarsa dab da wili, fuskarsa daidai saitinsa, ba komai a tsakani.

"Haka ake barin su tsirara?" ta tambaya.

"Akwai murfi. Matar da ta sayar mana ta ce yana ɗakin ajiyarsu, ni ne ban samu na koma ba. Yau kuma ɗan kwangila zai zo ya ga yanka. In katako ya fito a miƙe, duk na rufin ginin da yake yi ni zan tsaga masa."

"To ni zan je in ɗauko. Dama ina son zare a wajen."

"Ba sai kin je ba," in ji Mai Fenti. Da sauri ya faɗa, yana goge wani wuri da tsumma, wurin da ko ƙura babu. "Zan yanko ƙarfe in buga masa sabo. Wancan na san tsatsa ta gama da shi."

"Sabon naka sai mako mai zuwa, shi kuma yau zai tsaya a nan. Kada ku tayar sai na dawo."

Ta buɗe jaka don ta duba wayarta, sai mayen ƙarfenta ya biyo hannunta, ɗan ƙarami baƙi, fil da allurai sun manne masa ta ko'ina. Da shi take tsince su a ƙasan shagonta, kuma duk inda za ta, yana cikin jakar.

"Ɓoye shi, Yaya," in ji Auta yana rage murya da gangan. "Ga abokin gabarsa nan tsaye."

Ba ƙarya ya yi ba. Dillalan mota kan zo garejin Mai Fenti da irin wannan a aljihu, su bi jikin mota da shi a hankali. Inda ƙarfe ne sai ya kama. Inda aka cike lotsawa da fila, wannan ƙullun da ke bushewa ya yi tauri kafin a bi shi da fenti, sai ya saki ya faɗi. Mai Fenti ya tsani abin nan fiye da yadda ya tsani ruwan sama ranar feshi. Ya taɓa korar wani da ya fito da shi a gabansa, ya ce wannan zagi ne. Yau dai ko murmushi bai yi wa zolayar ba, ya ci gaba da gogar da yake yi.

A bas Tela ta samu wuri bayan direba. Gilashin gaba ya tsage daga kusurwa, wani ya manna sitika a ƙarshen tsagar don ya tsayar da ita, ita kuwa ta bi ta ƙarƙashin sitikar ta fito ta ɗaya gefen ta ci gaba da tafiyarta. Duk ramin da bas ta faɗa sai Tela ta kalli wurin. Ta rasa abin da ya sa gabanta ke faɗuwa tun da ta bar filin nan. Ta ce a ranta rashin karyawa ne.

Gidan na can inda kwalta ta ƙare. A gefen katanga ta ga inda injin ya zauna, wani dogon wuri da ciyawa ta mutu ta yi fari, ga shatin tayoyi da suka nutse a ƙasa. Ta yi sallama ta ƙara, kafin wata dattijuwa ta buɗe ƙofa kaɗan ta leƙo.

"Ina kwana, Mama. Ni yayar kafintan nan ce da ya sayi injinku. Murfin na zo karɓa."

Matar ta waiwaya cikin gida, sannan ta fito ta jawo ƙofar a bayanta. "Yi magana a hankali, 'yar nan. Murfin nan ba abin da zai yi muku."

"Ko ya yi tsatsa ne, a ba ni, maigidana zai gyara."

Matar ta dube ta. Ta ja ta ta gefen gida zuwa wani ɗan ɗaki mai warin tsohon mai. Suka ɗage buhuna da karyayyen gado, suka jawo murfin zuwa haske. Bai yi tsatsa sosai ba. Amma a tsakiyarsa akwai rami wanda kan mutum zai shige, kuma bakin ramin duk ya lanƙwaso waje. Tela ba ta san aikin ƙarfe ba, amma ta san yadi, ta kuma san bambancin rigar da ƙusa ta kama da wadda aka ɓarke daga ciki.

"Me ya yi wannan?"

"Wa ke taɓa min kaya a ɗakin nan?" Muryar namiji ce daga taga, maganar na fita a daddanne, kamar mai abu a baki.

Matar ta runtse ido. "Shi ke nan, kin jawo min."

Mijin matar, Mai Zarto, na zaune a kujera kusa da tagar ɗakinsa, an lulluɓe masa ƙafafu da zane. Ta ɓangaren hagu dattijo ne kamar kowane dattijo. Ta dama kuwa ƙashin kuncin ya lotsa ciki, fatar ido ta rufe a kan wurin da ba ido, muƙamuƙin ya karkace. Tela ta durƙusa ta gaishe shi, ta rasa inda za ta ajiye idonta, sai ta ajiye shi a kan hannunsa.

"Murfi kika zo nema," ya ce. "Masu narka ƙarfe ba sa neman murfi." Ya juya idonsa ɗaya ga matarsa. "Ce min kika yi masu sayen tsohon ƙarfe kika ba."

"Su nawa za su bayar? Maganinka da me za a saya?" Ba ta sunkuyar da kai ba. "Ni ban ɓoye wa kowa komai ba. Jan fentinka na nan inda ka sa aka shafa, duk mai ido zai gani."

"Wane jan fenti, Baba?" in ji Tela.

Ya yi mata bayani a hankali, yana tsayawa ya goge gefen bakinsa. Wili ɗaya ne ya tarwatse yana tsakiyar yanka, guntunsa ya fasa murfin ya same shi. Da ba don murfin ya rage masa ƙarfi ba, da ba shi ke mata magana ba yanzu. Yana asibiti abokin aikinsa ya samo sabon wili ya ɗaura. Wajen ɗaurawa ne ya ga ɗayan, tsohon, shi ma ya fara tsagewa ta baya, a gindin ɗaya daga hannuwan da suka haɗa cibiyar wilin da bakinsa. Mai Zarto ya ce a zagaye wurin da jan fenti, kada kowa ya sake tayar da injin sai an canza. Ba a samu wani wilin ba, abokin aikin ya kama gabansa, inji ya zauna ruwa na dukansa.

"Ku duba jan fentin," ya ce. "Wanda ke da shi ku cire ku fasa da guduma."

"Baba, an yi musu sabon fenti. Duk biyun kore ne."

Ya gyara zama. "Wa ya yi?"

"Maigidana. Aikinsa ne." Ta yi sauri ta ƙara da cewa, "Laka da tsatsa sun rufe komai lokacin da aka kawo. Da injin gogewa yake aiki, ba lallai ya lura ba."

Ta matso kusa da kujerarsa.

"Na wane gefe ne, Baba? Dama ko hagu?"

"Tunda an kwance su an mayar, na dama zai iya komawa hagu. Kamarsu ɗaya." Ya sake goge baki. "Da sanyi ba ya komai, 'yata. Zai yanka miki katako kamar takarda, kowa ya yi ta murna. Sai ya ɗau zafi. Ni ina cikin yanka gungume na uku ya same ni. In kin kasa kunne za ki ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙarar. Na ji shi ranar, na ce bari in ƙarasa wannan."

Tun kafin ta kai ƙofar gida ta fara kira. Wayar Auta ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta mijinta a kashe. Ta kira matar Auta, aka ɗauka, sai wata ƙara ta cika mata kunne, doguwa, mai kaifi.

"Yaya, kina ji? Sun tayar! Ɗan kwangilar ya zo da wuri. Ki ga katakon, sumul kamar an goge."

"Ce musu su kashe. Kina jina? Su kashe yanzu."

"Me? Ba na jinki, Yaya, ƙara ta yi yawa. To, sai kin zo."

Ta sake kira, ba a ɗauka ba.

Ta rungumi murfin ta fito titi, bakin ramin na kama mata mayafi. Zare ko tuna shi ba ta yi ba. Mai tasin da ya tsaya ya dubi ƙarfen ya dube ta, ya ce zai yaga masa kujera, ta ce ta ji, ya sa a but ɗin baya. Suka yi tafiya mai kyau har kasuwa, inda wata babbar mota ta lalace a tsakiyar hanya, motoci suka cushe, masu talla suka yanyame tagogi. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, iska ta tsaya cik. Tela ta riƙe waya da hannu biyu tana kira tana sake kira.

Tsoro take ji, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da Auta yana ƙarami ya faɗa rijiyar maƙwabta aka ciro shi da igiya. A ƙarƙashin tsoron kuma akwai wani abu da ba ta son ta duba. Ta shiga kare mijinta a ranta kamar wani ya kawo ƙararsa. Ba shi ya kwana da Auta a asibiti ba lokacin da ƙusa ta huda masa ƙafa? Ba shi ya bar aikin kuɗi a gareji ya zauna kan wilin nan har idonsa ya yi ja ba? Mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ganin girman sana'ar surukin nasa ba, yakan ce wannan ba gyara yake ba, rufewa yake. Maganar ta zauna wa Mai Fenti a wuya shekara da shekaru. Da ya gano injin nan murnarsa ta fi ta Auta, ya ce yau dai zai yi wa gidansu abin da za a tuna. Mutumin da ya faɗi haka ba zai ga jan fenti ya kau da kai ba.

Sai ta tuna rigar aikinsa da ta wanke a makon da wilin ke gareji, da busasshiyar filar da ta kankare daga hannun rigar. To, da me? Kullum rigarsa da fila, motoci nawa ke shiga garejin nan. Ta tuna kuma yadda ya ce ba sai kin je ba. Ta sunkuyo gaba ta ce wa direba ya bi ta lungu, ko nawa ne za ta ƙara.

Tun daga bakin layi ta kasa kunne. Ƙarar na nan, amma ƙasa-ƙasa, inji na aiki ba a yanka. Ta biya mai tasi, ta jawo murfin ta bi ta gefen shago da shi.

Filin ya cika. Maƙwabta, masu shagunan layin, matar Auta zaune kan benci ta dafe ƙugu. Ɗan kwangila na tsaye da fararen kaya yana shafa wani katako da tafin hannu. An jera katakai a gefe, farare tas, ƙamshin ɗanyen ice ya cika wurin. Gungume biyu sun tafi. Maza na mirgina na uku kan ƙarafan, Auta na ba su umarni, fuskarsa duk dusa, bakinsa har kunne. Wilin biyu na juyawa a hankali, kore ya zama inuwa.

Ta saki murfin a ƙasa. Ƙarar faɗuwarsa ta sa kowa ya waiwayo, suka ga ramin, hira ta mutu.

"Auta, zo. Kai ma zo, Baban yara."

Ta ja su gefe ta gaya musu, a taƙaice, ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗi fuskar dattijon, ta faɗi jan fentin, ta faɗi gungume na uku. Auta ya dubi murfin, ya dubi mijin yayarsa.

"Ka ga wani abu a jikinsu?"

"Tsatsa na gani," in ji Mai Fenti. "Na goge su har farin ƙarfe. Da akwai tsaga ai da na faɗa."

"To kin ji." Auta ya sauke numfashi, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yaya, tsohon nan ciwo ya taɓa shi, komai tsoro yake ba shi. Ke kuma tun ina yaro ko keke ba kya bari in hau. Kin ga mutumin can? In ya tafi yau ba zai dawo ba. Babur ɗina na cikin injin nan."

"Fuskarka ma na wurin," ta ce.

Ɗan kwangila ya duba agogo. "Lafiya dai, kafinta? Hadarin nan ba zai jira mu ba. Wannan mai taurin nake son in ga yadda zai yi da shi."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Yanzun nan."

Auta ya juya zai koma. Mai Fenti ya riga shi. Ya taka da sauri ya kama hannun turawa, ya sa kafaɗa ya ture Auta gefe.

"Matsa, ni zan tura wannan."

"Kai da ko allon makaranta ba ka taɓa tsagawa ba?"

"Na ce ka matsa. Na ga yadda kake yi. Je ka tsaya wajen matarka."

Mutane suka yi dariya, wani ya ce mai kwalliya zai shiga aikin maza. Tela ba ta yi dariya ba. Tana kallon bayan wuyan mijinta, inda gumi ke gangarowa cikin riga, da yatsunsa da suka damƙe ƙarfen. Ya tsaya daidai inda Auta ya tsaya da safe. Ya kai hannu ya ƙara wuta, ƙarar ta tashi, zarto ya fara kuka. A ƙarƙashin kukan, ko kunnenta ne ko ba kunnenta ba, ta ji wani ɗan ƙas-ƙas, irin na keken ɗinki idan allura ta lanƙwashe.

Ta taka ta shiga tsakaninsa da wilin. Iskar juyawarsa na kaɗa mata mayafi a kafaɗa.

"Ke, matsa daga nan." Muryarsa ta canza.

"Ai ka ce lafiyarsa ƙalau."

"Matsa, don girman Allah."

Ba ta matsa ba. Ta ba jama'a baya, ta buɗe jaka, ta zare fil da alluran daga jikin mayen ƙarfen ta zuba a tafin hannunta na hagu. Ta miƙa masa shi ƙasa-ƙasa, a tsakanin jikinta da nasa, inda ba wanda zai gani. Ta san abin da take yi masa. Shekarun aurensu duka ba ta taɓa duba bayan aikinsa ba, ko da wasa.

"Ban ce ka gani ba," ta ce dab da kunnensa. "Na san ba ka gani ba. Laka ce, tsatsa ce, kowa zai iya. Nemo min kawai hankalina ya kwanta. In ya kama ko'ina, a gaban mutanen nan zan durƙusa in ba ka haƙuri."

Ya dubi abin da ke hannunta. Ya dubi wilin da ke juyawa a bayan kanta. Sannan ya miƙa hannu ya kashe injin.

Shiru ya sauka a filin, har ana jin tsawa can nesa. Wilin suka yi ta rage gudu, hannuwansu suka fara rarrabuwa a ido, suka tsaya.

"Me kuma ya faru?" in ji ɗan kwangila.

Mai Fenti ya karɓi mayen ƙarfen. Tela ta ja gefe ta ba shi wuri a gaban wilin da ke kusa. Ta ɗauka nan zai fara, ya bi hannuwan ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, yadda ita take bin ƙasan shago idan allura ta ɓace mata. Ta shirya tsayuwa komai daɗewar abin.

Ya wuce wilin kusa bai ko kalle shi ba. Ya zagaya wajen na can, ya dafa shi, ya juya shi kaɗan da tafin hannu, ya tsayar. Bai sunkuya ba, bai leƙa ba. Ya zura hannu ta baya, ya ɗora mayen ƙarfen a gindin hannu ɗaya, ya saki.

Abin ya faɗo cikin dusar katako, ko ƙara bai yi ba.

Auta ya zo da gudu, ya ciro wuƙar aljihu ya durƙusa ya kankare wurin. Koren ya tashi, wani abu fari-fari ya biyo shi yana marmashewa, da kauri, sannan bakin wuƙar ya faɗa cikin tsaga. Ya bi ta da wuƙar, ta yi tsawon yatsa ba ta ƙare ba. Matarsa ta ɗora hannu a ka tana salati. Ɗan kwangila ya matso ya leƙa, ya ja da baya, ya ce Allah ya tsare, in an samu wani wilin a neme shi. Mutane suka fara magana gaba ɗaya.

Auta ya miƙe. Ya rungume mijin yayarsa, dusar gemunsa ta zuba a kafaɗar rigar.

"Allah ya saka maka, Mijin Yaya. Wallahi hannunka na da albarka. Taɓawa ɗaya ka gano shi."

Ɗigon ruwa na farko ya sauka a kan sabon fentin. Tela ta durƙusa ta laluba cikin dusa ta ɗauko mayen ƙarfenta, ta hure shi. Sai a lokacin ta ga ta damƙe hannun hagu tun ɗazu, fil biyu sun shige mata tafi. Ta zare su.

"Tela," in ji mijinta a hankali, daga saman kanta.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da mayar da alluran jikin mayen ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya.